Rijiya a Matsayin Hujja: Tsokaci a kan Jigon In Da So Da Ƙauna

Gabatarwa

Littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a Kano a shekarar 1991, kuma yana cikin waɗanda matasa suka fi rungumarsu a jerin rubuce-rubucen da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Yawancin masu suka sun tsaya a kan zargin kwaikwayon finafinan Indiya. Wannan maƙala ta karkata ga wata tambaya dabam: da wace hujja budurwa take rinjayar magabatanta?

Jigo da Warwararsa

Sumayya 'yar masu hali ce, ta kamu da son Muhammad, saurayi mai kyawun ɗabi'a amma marar abin hannu. Sai attajiri Abdulƙadir ya shigo, da ya ga ba shi da wuri a zuciyar yarinyar, ya bi ta hannun kakarta. A nan marubucin ya nuna ƙwarewa, domin ya gane cewa a gidan Bahaushe kaka tana da iko a kan iyayen yarinya su kansu, kuma tsoron bakin uwa ya isa ya ɗaure hannun uba. Saboda haka auren dole a wannan labari sarƙa ce ta biyayya, kowa a cikinta yana tsoron na sama da shi, dukiya kuwa ta san inda za ta ja.

Raunin Littafin

Matsalar tana wajen warware ƙullin. Sumayya ta yi magana ba a saurare ta ba, sai da ta faɗa rijiya sannan zukatan manya suka yi laushi. Ke nan abin da ya ci nasara shi ne fargabar rasa ta. Hujjar da shari'ar Musulunci ta tanada game da neman yardar mace kafin a aurar da ita, wadda ya kamata ta zama ƙashin bayan labarin, ba ita ta yanke hukunci ba. Ga littafin da 'yan mata masu irin wannan damuwa suke karantawa a ɗakunansu, wannan darasi ne mai haɗari.

Kammalawa

Duk da haka, littafin ya cancanci matsayinsa. Hafsat Abdulwaheed ta riga ta buɗe wannan fage da So Aljannar Duniya a 1980, Gidan Dabino kuwa ya kai maganar cikin zaurukan birni da harshen da matasa suke zance da shi. Raunin da aka ambata ma shaida ne a kan al'ummar da aka rubuta labarin dominta, wadda sau da yawa ba ta jin kukan 'ya mace sai ya zama na makoki.