Takobi ɗaya, ƙarti tamanin

Waƙar kokowa da sharhin rediyo suna da aibi guda: daga saman tsani suke fara labari. Yaron Sukukutane da ke sauraren gasar Takobin Ƙasa yana jin sunan Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kunce. Yana jin na Salma Ɗan Rani, wanda filin kokowar Doso ke ɗauke da sunansa, da na Kadri Abdu, wato Isaka Isaka, da ya kai wa jihar Doso takobinsa na shida daga Agadas a ƙarshen 2023. Abin da ba ya ji shi ne lissafi.

Ga lissafin kuwa. Jihohi 8 ne, kowace da ƴan kokowa 10, jimla 80, takobi kuma ɗaya. Faɗuwa guda ta raba mutum da shi sai baɗi. Kafin ma ɗan Arewa ya shiga cikin goman Doso, sai ya tsallake zaɓen gida, ya kayar da na Matankari da na Dogon Dutsi da na Tibiri, sannan ya kara da ƙartin Gaya da na Boboye. Tun da mutum ɗaya ya riƙe takobi shida, shekarun da ƙofa ta buɗe wa wasu ba su da yawa.

Makaɗa irin su Sagalo ba su yi ƙarya ba, domin aikin makaɗi zuga ne, kuma babu mai zuga da lissafi. Laifin ya fi rataya a wuyan masu sharhi, waɗanda suka gaji harshen makaɗi alhali aikinsu dabam ne. Suna ƙirga kyautar zakara daki-daki, ba sa ƙirga abin da wanda ya faɗi a karon farko ya kashe: tumakin da aka sayar don malamai da layu, abincin gina jiki, da watannin rani waɗanda tsararsa suka yi a lambun albasa ko cin rani a Sakkwato. Gwiwa idan ta goce, gida ke jinya.

A Amurka an daɗe ana wannan muhawara game da ƙananan ƙungiyoyin wasan besbol, inda matasa ke shafe shekaru suna jiran kiran da yawancinsu ba za su samu ba. A 2021 aka rage ƙungiyoyin zuwa 120. Ƴan wasan suka shiga ƙungiyar ƙwadago a 2022, a 2023 kuma mafi ƙarancin albashi a matakin ƙasa ya tashi daga dala 4,800 zuwa 19,800 a shekara. Can dai an amsa cewa mai jira ma'aikaci ne. Ɗan kokowar ƙauye ba shi da albashin da za a ƙara.

Sai dai kwatancin ya tsaya nan, kuma masu cewa kokowa ɓata lokaci ce su ma sun yi gaggawa. Kokowa ta girmi takobi nesa ba kusa ba. Bayan kaka, an cika rumbu, ƙauye ya gayyaci ƙauye, wanda ya yi kaye a fage ya tashi da kuɗin kari, da kirari, da suna wanda ke buɗe masa ƙofar neman aure da ta sarki. Wannan riba ta nan take ce, ba ta jiran Yamai, kuma ba ta hana shi komawa gona da faɗuwar ruwan farko. Ga irin wannan ɗan kokowa, tambayar ko abin ya biya ba ta ma taso ba.

Inda ta taso shi ne wurin ɗan kwaleji mai shekara 16 da ya ajiye littafi saboda an ce ƙirjinsa irin na Isaka ne. Shi ya sayar da abin hannu don ya sayi kuri'a. Ƙarfinsa zai kai shi shekara 35 in an yi sa'a, kuma ko ya shiga cikin tamanin, 79 ke komawa gida ba takobi. Sunayensu na cikin takardar alkalan wasa.