Wasiƙun Yaƙi na 1902 zuwa 1903: Sharhi a kan Fassarar Backwell

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1927 H. F. Backwell ya wallafa The Occupation of Hausaland 1900-1904 a Legas. Littafin fassara ce zuwa Ingilishi ta wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari a 1903. Wannan maƙala za ta nuna cewa dogaro da fassara kaɗai, ba tare da matanin asali ba, yana iya karkatar da manufar jagoran yaƙi.

2.0 Sigar Wasiƙun

Wasiƙar fada tana da tsari sananne: hatimi, basmala da salati, sunan mai aikawa da na wanda aka aika wa, gaisuwa, sannan saƙo. Har yau wasiƙar Hausa tana riƙe da gurbin wannan tsari a cikin "bayan gaisuwa" da "haza wasalam". Sarki yakan faɗi nufinsa da Hausa ko Fulatanci, magatakarda ya zuba shi cikin Larabci. Ke nan mai karanta Backwell yana jin muryar sarki ne bayan ta ratsa harsuna uku.

3.0 Misalai Biyu

Na farko shi ne wasiƙar Sarkin Kano Alu zuwa ga Waziri Buhari, inda ya ba da shawarar Musulmi su bar ƙasar tun da Nasara sun kewaye ta. A Ingilishi maganar tana kama da ta wanda ya karaya. Amma a wurin malaman Sakkwato wannan hijira ce, hukuncin fiƙihu mai tushe a hijirar Shehu Usmanu daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Da wannan ma'ana ce za a auna abin da Alu ya yi bayan faɗuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, da kuma tafiyar Sarkin Musulmi Attahiru gabas har ya rasu a yaƙin Burmi a Yuli 1903.

Na biyu shi ne wasiƙar da Lugga ya ce ya karɓa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman a Mayu 1902, wadda ya ɗauka a matsayin shelar yaƙi. Da ita, da kuma kisan Kyaftin Moloney da Magajin Keffi Ɗanyamusa ya yi a Oktoba 1902, Lugga ya kafa hujjar auka wa Kano da Sakkwato. Sai dai fassarar Ingilishi kawai ta iso ga manazarta. Wannan ne ya sa Muffett (1964) ya yi shakkar ingancinta. Wasiƙar da aka ci daula da ita, ba a ga Larabcinta ba balle a tantance kalmominta.

4.0 Kammalawa

Ba a raina aikin Backwell, domin shi ya kusantar da wasiƙun ga jama'a. Gibinsa shi ne rashin jera matanin Larabci kusa da fassara. Ya rage ga masana Hausa da Larabci su fitar da bugu mai ɗauke da hoton kowace wasiƙar da asalinta ya tsira, da fassarar Hausa, da bayanin kalmomi irin su hijira, amana da Nasara kamar yadda marubutan suka fahimce su.