Skoczylas da Farfaɗowar Hoton Katako a Ƙasar Polan

Daga cikin sana'o'in zane da mutanen Turai suka gada tun kafin zuwan injin ɗab'i akwai wadda ake sassaƙa sura a kan allon katako, a shafa masa tawada, a danna takarda a kai, sai hoton ya fito, tamkar yadda hatimin alƙali yake barin alamarsa a ƙarshen wasiƙa. Mai wannan aiki yakan zana surar a juye, dama ta koma hagu, sa'an nan ya bi da wuƙa yana ƙwaƙule duk inda yake nufin ya zama fari, abin da ya bari a tsaye shi ne zai sha tawada. Kuma da yake abin da wuƙa ta cire ba ya komawa, wajibi ne ya yanke shawara kafin ya yanki itace. A ƙarni na 19 wannan fanni ya ƙasƙanta, ya zama baran jaridu, inda mai zane yake zana abinsa, wani ɗan ƙwadago dabam ya kwaikwaye shi a katako. Da hoton kyamara ya samu shiga maɗaba'a, sai ko wannan ɗan matsayi ya kuɓuce masa.

A irin wannan hali Władysław Skoczylas ya tarar da wannan fanni. An haife shi a shekarar 1883 a Wieliczka, garin haƙar gishiri da ke kusa da Krakow, a zamanin da babu wata ƙasa mai suna Polan a taswira, domin Rasha da Furusiya da Ostiriya sun rabe ta tun 1795. Ya yi neman ilimi a Viyana da Krakow, ya taɓa koyon sassaƙar mutum-mutumi a Faris a hannun masassaƙi Bourdelle, ya kuma je Leipzig ta Jamus saboda fasahar ɗab'i. Amma makarantar da ta fi yi masa tasiri ita ce garin Zakopane, a gindin duwatsun Tatra, inda ya koyar a makarantar aikin itace, ya zauna cikin mutanen tsauni, ya ga gumakan waliyyansu da suke kafawa a bakin hanya, da hotunan da suke zanawa a bayan gilashi, ya saurari hikayoyin Janosik, ɗan fashin nan da suke ɗauka gwarzon talakawa. Daga nan ya samo layinsa mai kauri, da baƙi da fari masu karo da juna ba sulhu, waɗanda suka bayyana a kundinsa na 'yan fashin tsauni na 1920 da na yankin Podhale, ƙasar waɗannan mutanen tsauni, da ya biyo baya.

Ƙa'idarsa guda ce, kuma a ganina ita ce asasin dukkan abin da ya gina: wanda ya ƙudurta surar a zuciyarsa shi ne zai riƙe wuƙar da hannunsa, kuma kada a tilasta wa katako ya yi kama da aikin alƙalami ko na fenti, a bar tabon wuƙa ya fito fili, domin shi ne shaidar sana'ar. Al'ummar Polan da ta sake samun 'yancinta a 1918 tana ƙishin wata sura da za ta ce tata ce, saboda haka ta karɓi aikinsa hannu bibbiyu.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi inda ya gaza. Mutanen tsaunin da ke hotunansa 'yan rawa ne da mayaƙa masu ado, da wuya ka ga yunwa ko gajiya a fuskarsu, alhali yankin na daga cikin mafi talauci a ƙasar, har 'ya'yansa suna ta hijira zuwa Amurka. Ƙauna ce ta sa ya ƙawata su, amma ƙaunar da take rufe ido daga wahalar wanda ake ƙauna tana da naƙasu.

Falalarsa ta malanta ita ce ta cike wannan giɓi. Tun daga 1922 da ya zama shehin malamin fasahar ɗab'i a makarantar zane ta Warso, ya tara almajirai, maza da mata, kuma a 1925 suka kafa ƙungiyar Ryt domin yaɗa fannin. Bai ɗaure su ga taƙlidi ba, hujja kuwa ita ce Tadeusz Kulisiewicz, wanda ya ɗauki wuƙar malaminsa ya nufi ƙauyen Szlembark a wannan yanki na tsauni, ya fito a 1931 da fuskokin manoma waɗanda fatara ta tauye, wato ainihin abin da malamin ya kawar da kai daga gare shi. Almajirarsa Janina Konarska kuma ta ci lambar azurfa a gasar zane ta Olamfik a Los Angeles a 1932, bayan Skoczylas da kansa ya ci ta tagulla a Amsterdam a 1928.

Skoczylas ya rasu a Warso a 1934, shekara guda bayan baje kolin hoton katako na ƙasashen duniya da aka yi a birnin. Yaƙin Duniya na Biyu ya afka wa silsilar tasa: daga cikin almajiransa, Tadeusz Cieślewski ƙarami ya halaka a boren Warso na 1944, Wiktoria Goryńska ta mutu a sansanin fursunoni na Ravensbrück a 1945, Kulisiewicz kuwa ya tsira, ya koma makarantar zane ta Warso yana karantarwa bayan yaƙi.