Jinjina ga Matan Kura Masu Gumar Shinkafa

A ƙauyukan Minangkabau na Sumatara, a da ruwan rafi ke juya ƙafar katako, ita kuma ta ɗaga taɓare ta saki, shinkafa ta casu ba ɗigon mai. A Kura kuwa, ruwan Dam ɗin Tiga na 1974 iyakarsa gona. Sauran aikin, sannunku iyayenmu mata! Ku ke jiƙa shanshera ta kwana, ku turara ta a ganga hayaƙi na cin ido, ku baza a rana kuna juyawa. In shanya ta wuce kima, injin casa ya kakkarya shinkafar. In ta gaza, ɓuntu ya ƙi saki. Ƙwaya ɗaya za ku ciza, ku ce wa yara su kwashe.