Gwanintar Marubucin Asirin Jiragen Yaƙi

A 1892 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Louis Mizon, ya hauro Kogin Binuwai da jirage biyu, Mosca da Sergent Malamine. A ƙasar Muri ɗayansu ya kafe a yashi. Mizon ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Muri Muhammadu Nya, a watan Disamba kuma igwarsa ta fasa Kona, garin Jukunawa da ya daɗe yana gagarar mayaƙan Muri. Aka kashe na kashewa, aka kwashi bayi. A 1893 kamfanin Royal Niger na Ingila ya ƙwace jirgin Sergent Malamine.

To, tsautsayi ne ya kafe jirgin nan, ko da gangan aka kafe shi don Bafaranshen ya sami hujjar zama? Daga irin wannan tambaya gwanin ƙagaggen labarin asiri yake fara aiki, kuma aikin nasa yana burge ni matuƙa.

Ba ya taɓa abin da tarihi ya tabbatar. Shekara, suna da wanda ya ci yaƙi duk suna nan yadda suke. Inda takardu suka yi shiru, nan kaɗai yake saka ƙirƙirarsa. Kafin ya ɗora alƙalami sai ya san kogin: yadda ruwa ke janyewa da zarar damina ta ɗauke, yadda tudun yashi ke sauya wuri kowace shekara, yadda matuƙi ke gane zurfi da gora da launin ruwa. Wannan sanin ne yake mayarwa hujja. Matuƙin da ya tashi a bakin Binuwai zai yi irin wannan kuskure? In ba zai yi ba, wa ya ba shi umarni?

Sai zaɓen mai ba da labari. Gwani yakan bar hafsa ya ɗauki tafinta ko mai zuba wa injin itace, mutanen da suka ga komai amma ba wanda ya rubuta maganarsu. Yakan baje alamun tun farko, ya sakaya su cikin hira, har mai karatu ya wuce su bai ankara ba.

Mafi wuya shi ne adalci. Rahoton Faransawa daban, na kamfanin Ingila daban, kowa na kare kansa. Dole marubuci ya je Kona ya zauna gaban dattawa, domin kakanninsu ne aka harba wa igwar.