3.3 Kalmar "Labour" a Hannun Masu Fassara

Akwai kalmomin Ingilishi guda uku da akan cakuɗa wajen fassara, wato "work" da "labour" da "effort". Ta farko da ta uku ba su cika ba da wahala ba, domin "aiki" da "ƙoƙari" kan wadatar a mafi yawan wurare. Inda gizo ke saƙa shi ne kalma ta biyu.

Asalin "labour" daga Latin ne, ta shigo Ingilishi ta hanyar Faransanci da ma'anar aiki mai gajiyar da jiki. Wannan ne ya sa Bature ke amfani da ita ga mai sassabe, haka kuma ga mace mai naƙuda. Daga baya aka faɗaɗa ta a fannin tattalin arziki, ta ƙunshi duk wanda ke aiki don a biya shi, malamin makaranta ne ko ɗan dako.

Masu fassarar labarai sun tsayar da "ƙwadago" a madadinta. Misali, uwar ƙungiyar ma'aikatan Nijeriya da aka kafa a 1978 ana kiran ta Ƙungiyar Ƙwadago. To amma a wurin Bahaushe, ɗan ƙwadago shi ne wanda ake ɗauka ya yi noma a gonar wani, a sallame shi da yamma. Ba shi da albashi balle fansho. Ke nan idan manomi ya ji a rediyo cewa 'yan ƙwadago sun tafi yajin aiki, hoton da zai fara zo masa ba na malamin asibiti ba ne. Gaskiya ne yau da gobe ta sa kunne ya saba, amma sabo bai gusar da tsohuwar ma'anar ba.

Ararriyar kalma "lebura", daga "labourer", ita ma ba ta fitar da mai fassara. Hausawa sun san ta ne a wuraren aikin Turawa, irin su shimfiɗa layin dogo da ya iso Kano a 1911 da haƙar kuza a Jos, inda har aikin tilas aka sa mutane tsakanin 1942 da 1944. Saboda haka ta taƙaita ga aikin ƙarfi maras daraja. Wanda ya kira akawu lebura ya zage shi.

Idan ana nufin jama'ar da ke aikin albashi, "ma'aikata" ta fi dacewa, kamar yadda su masu fassarar da kansu ke kiran 1 ga watan Mayu Ranar Ma'aikata.