Furfurar Aro a Maɗaurin Agogo

Wani abokina ya sayi sabon maɗaurin agogo na fata, ƙal da shi, ko kwana biyu bai yi ba ya hau shi da samfefa. Ya goge gefunan, ya jiƙa tsumma da ruwan kofi mai kauri ya shafe shi, ya murɗa shi kamar mai matse wanki, sannan ya shanya a rana. Na ce masa, "Malam, me fatar nan ta yi maka?" Ya ce so yake ta yi kamar ta kakansa.

Ba shi ya fara ba. Tun a 2012, lokacin da kamfanin Tudor ya fito da agogonsa Black Bay, har da maɗaurin fata da aka tsufar tun daga masana'anta. Yau masu sha'awar agogo da dama sun fi son sabon abu mai fuskar tsoho.

Ni dai ina ganin an fahimci fata a baibai. Fatar da aka jeme da tsiro, irin wadda majemanmu ke yi da bagaruwa ko ta yankin Tuskani a Italiya, ba ta buƙatar a koya mata tsufa. Rana tana duhunta ta, maiƙon jiki da zufa suna ratsa ta, daga launin ƙasa-ƙasa ta koma kamar zuma. Wadda aka jeme da sinadarin kurom aka shafe ta da fenti kuwa, ko shekara nawa ta yi launinta ba ya nuna sosai. In ka goge ta, saɓulewa kawai za ta yi.

Ɗauki maɗaurin dattijon da ya shekara biyar a hannu ka duba. Rami ɗaya ne ya buɗe, wanda yake sa ƙarfen a ciki kullum. Kusa da shi akwai karaya guda, inda fatar ke lanƙwasa duk sanda ya cire don alwala. Cikinsa ya fi bayansa duhu. Gefe ɗaya ya fi ɗaya sulɓi, saboda gogar hannun riga. Samfefa ba ta san wannan ba: ko'ina take ci daidai wa daida, har inda hannu bai taɓa kaiwa. Baduku na kallo ɗaya zai gane. Ga kuma asara: saman fata shi ne mafi ƙarfinta, wanda ya kankare shi ya rage mata kwana.

Akwai inda nake sassautawa. Wanda ya gaji agogon mahaifinsa, maɗaurin ya tsinke, sabo mai walƙiya zai zauna masa kamar hular aro. Irin wannan ya shafa ɗan mai kaɗan, ya bar fatar ta sha rana ta kwana biyu ko uku. Ya taimaka mata ne a hanyar da dama can za ta bi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ji mata rauni, balle a kai ta kasuwa a ce tsohuwa ce. Wannan algus ne.

Maɗaurin abokina ya tsage a bakin rami na uku kafin shekara ta zagayo. Ya sayi wani, na jimar bagaruwa. Wannan karon ɗaurawa kawai yake yi.